Tauraro Biyu Cikin Biyar

Litinin, 4 ga wata

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidan da yara, da waɗancan ƙananan ɗalibai naki na makarantar reno. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da ke tuna min shekaruna kowace safiya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna. Tun rasuwar Mama, shekara shida ke nan, abin da ke tsakaninmu bai wuce "a gaida gida" ba, shi ma ta bakin wasu. Na zaɓi takarda don ita ba a katse mata magana a tsakiya.

Ga abin da ke tafe da ni. Wani kamfani ya sayi tsofaffin kayan gidan talabijin, kuma zai sake fitar da kundin waƙoƙinku na farko, na 'Yan Asabar, a ƙarshen watan gobe. Shekara ashirin da bakwai, Auta! Sabon editan mujallar da na yi wa aiki ya tono sharhin da na rubuta a wancan lokaci, ya ce zai yi kyau mutumin da ya ba kundin tauraro biyu cikin biyar ya sake zama ya auna shi. Shekara huɗu ke nan da na ajiye alƙalami, amma na ce masa to.

Tun daga ranar ban da aiki sai tuna falonmu. Asabar, ƙarfe huɗu na yamma. Ni a kan rufi ina juya eriya, ku a ƙasa kuna ihu, "Ya yi! A'a, koma baya!" Baba ya ja kujerarsa gaban akwatin yana cewa shi labarai yake jira, alhali saura awa uku a fara labarai. Mama ta cika falo da maƙwabta, da kin fito sai ta nuna ki da yatsa har ta taɓa gilashin, "Ga ta nan, mai rawaya," kamar akwai wanda bai san ki ba a layin. Ke kuwa kina bayan labule, kina leƙen kanki da ido ɗaya. Wallahi ina kewar wannan gida.

Sabon kwafin bai iso ba tukuna, jerin sunayen waƙoƙin goma kawai aka aiko min. Don haka ina neman taimakonki a kan abu biyu. Wa ya kaɗa fiyano a kundin, tunda ba a rubuta a bango ba? Kuma da gaske ne a kwana tara aka naɗi duka waƙoƙin?

Ba zan ɓoye miki ba, niyyata in ba shi tauraro huɗu a wannan karon. Na yi tsauri da yawa a wancan lokaci, ina ganin lokacin gyara ya yi.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki


Alhamis, 7 ga wata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Maigidan yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko gidan waya ne ya ba ka kwangila. Gwiwa kuma ka rage hawa bene.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofar aji, yara ashirin da shida suna jan zanena. Na yi dariya wajen eriya, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka manta ranar da ka zamo ka faɗo kan igiyar shanya, Mama ta fito da gudu, ta tsallake ka ta kwashe kayan wankinta tukuna.

Amsoshinka. Ba kwana tara ba ne, sha ɗaya ne. Fiyano kuma Injiniya ne ya kaɗa, wannan tsohon mai naɗar sauti. An ɗauko wani makaɗi mai tsada, ya zo kwana ɗaya ya ga ɗakin, bai sake dawowa ba. Ban ga laifinsa ba. Ɗaki ne da aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai, kuma dole a kashe fanka in za a naɗa don ƙararta tana shiga. Mu biyar a gaban makirufo biyu, gumi har cikin takalmi. Injiniya yana zaune da reza yana yanka zaren sauti yana liƙawa, guntayen da ya cire yana rataye su a wuya. In Dogo, ɗaya daga cikinmu, ya yi kuskure sai Injiniya ya ɗaga guntu ɗaya ya ce, "Wannan naka ne, ka tafi da shi gida." Kafin a gama aikin duk abin da ke wuyansa na Dogo ne.

Ka san yadda aka haɗa mu, ka ma rubuta, kuma ba ka yi ƙarya ba. Mutum ɗari shida a layi, Furodusa ya fito da ma'aunin tela. Dogo don tsawonsa aka ɗauke shi. Gimbiya don idonta. Kowa aka ba shi launi da suna da hali. Ni kuwa, wadda Mama ke roƙo in yi shiru ta ji kiran waya, ni aka sa wa Shiru-shiru, aka ce a hira kada in wuce "na gode." Shekara biyu ina na gode.

Duk da haka, Yaya, ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na kwana sha ɗayan nan ba. Gimbiya ta rasu shekara uku da suka wuce, ban sani ba ko ka ji. Dogo yana sayar da tayoyi, ya yi tumbi, in ya gan ni a hanya har yanzu sai ya ɗaga hannu ya yi wannan juyin namu na buɗe shiri, a gaban kwastomominsa.

Yanzu maganar taurari. Ka riƙe huɗunka. Ba bara na zo yi ba. Kundin nan na san shi ciki da waje, na san waƙoƙin da kamfanin sabulun da ke ɗaukar nauyinmu ya rubuta mana rabin baitinsu. In don ka tsufa ne zuciyarka ta yi laushi, ka je ka yi wa jikokinka kyauta.

Tambaya ɗaya nake da ita, kuma kada ka tambayi kowa. Waƙa ta goma, ta ƙarshe, "Kujerar Baya." Yaya ka ji ta a wancan lokaci? Ba ka ambace ta a sharhinka ba.

A gaida Anti da yara.

Auta


Litinin, 11 ga wata

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Takardarki ta iso, na gode ƙwarai. Allah ya jiƙan Gimbiya, ban ji ba sam. Zan sa sunan Injiniya a rubutuna, haƙƙinsa ne.

Ba sadaka nake nufi ba. Shi mai sharhi yakan sake duba hukuncinsa in zamani ya juya, abu ne sananne a aikinmu.

Game da waƙa ta goma, kin san an daɗe, kuma kundi fiye da dubu ya bi ta kunnena tun daga lokacin. Iyakar abin da nake iya tunawa, waƙar rufewa ce irin wadda aka saba, ku biyar kuna amshi tare, da ganga da tafi, mai ɗan armashi. Ba ta yi muni ba. Rashin fili ne ya hana ni ambatarta, kalma ɗari huɗu kawai ake ba ni a shafi.

Sai na ji daga gare ki.

Yayanki


Laraba, 13 ga wata

Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Lafiya muke. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Babu ganga a "Kujerar Baya." Babu tafi, babu amshi, babu mutum biyar. Ni kaɗai ce, da jita ɗaya.

Ranar ƙarshe ta naɗi, an gama waƙa tara, saura minti huɗu a zare, Furodusa ya fita cin abincin rana. Injiniya ya ce, "Ke mai rawaya, wannan abin da kike rerawa a baranda, zo ki yi shi." Waƙar da na haɗa ce a kan tsohuwar motar Baba, yadda ni da kai muke zama a baya, kana buga min kiɗa a jikin ƙofa kana gyara min inda na kauce. Sau ɗaya na yi ta, bai yanke ko guntu ba. Furodusa ya dawo ya yi faɗa, daga baya ya ce a jefa ta can ƙarshen gefe na biyu inda ba za ta dami kowa ba. Ba a taɓa sa ta a talabijin ba, rediyo kuma ba su wuce waƙa biyun farko ba.

Ban gaya maka ba don ina so ka ci karo da ita da kanka. Na sa Mama ta yi alkawarin yin shiru, ka kuwa san abin da wannan ya ci mata. Da hannuna na kawo maka kaset ɗin ɗakinka, sabo a leda. Kwana shida ina kallon fuskarka wajen karin kumallo ina jira.

Sai mujalla ta fito. Tauraro biyun ba su dame ni ba, na rantse. Jimla ɗaya ce: "A cikin su biyar babu muryar da za ta iya tsayawa ita kaɗai." Furodusa ya karanta mana ita a ɗakin gwaji, a tsaye, sau biyu, sannan ya dube ni ya ce, "Yayanki ne fa ya faɗa, ba ni ba." Akwai maganar da ake yi a lokacin ta a gwada ni da kundi nawa ni kaɗai. Daga ranar ba a sake tayar da ita ba. Ba na ɗora maka mutuwar 'Yan Asabar, kamfanin sabulu ne ya janye, ko tauraro goma ka bayar da mun watse. Amma waccan maganar tawa ce, kuma jimlarka ce ta rufe ta.

Da yamma na shiga ɗakinka in yi maka rashin kunya, ba ka nan. Rakodarka tana kan tebur, kaset ɗina a ciki. Na buɗe. Zaren duk ya naɗe a ɓari ɗaya, daidai inda gefen farko ya ƙare. Wanda ya ji gefe biyu, zarensa komawa yake inda ya faro. Na cire shi na sa a aljihu, ba ka ma taɓa cigiyarsa ba.

Shekara ashirin da bakwai ina ba ka uzuri. Ina cewa wataƙila ya ji duka, ya sake jin gefen farko, ya tsaya nan. Wataƙila ya ji waƙata bai so ta ba, wannan ra'ayinsa ne, aikinsa ne. Da haka ne da na haƙura tuntuni. Takardarka ta shekaranjiya ta ƙwace min wannan uzurin. Na ji haushi, na kuma ji wani irin sauƙi, ban san yadda zan bayyana maka ba.

Ga kaset ɗin nan cikin ambulan, na naɗe shi da hankici. Ban taɓa juya shi ba, yana nan inda ka bar shi. Ba huɗu nake so ba, ba biyar ba. So nake yayana, wanda ya koya min riƙe murya, ya ji waƙar nan ya faɗa min gaskiya. Ko ɗaya ka ba ta zan karɓa.

Ƙanwarka


Talata, 19 ga wata

Auta,

Salamu alaikum. Na fara takardar nan sau huɗu ina yagawa. Wannan ko yaya ta fito haka za ki gan ta.

Gaskiyarki ne. Ban juya shi ba.

A ofishinmu na da, ranar Laraba ake rufe shafin nishaɗi, ƙarfe sha biyu mai ɗaukar aiki zuwa maɗaba'a yake tsayawa a kanka. Kundi huɗu ko biyar a mako. Tsohon editanmu ya koya mana cewa kamfanoni a gaba suke zuba waƙoƙinsu masu kyau, don haka gefen farko ya isa a yanke hukunci. Duk haka muke yi, har alfahari muke da shi. Amma naki kwana shida ya yi a ɗakina, ba ni da wannan mafakar. Abin da ya faru shi ne abokan aiki sun sa ni a gaba, "Za mu ga abin da za ka ba ƙanwarka." Na shiga sauraro da hukuncina a aljihu. Na ji waƙa biyar, na sami abin da nake nema, na kashe. Na fi jin tsoron a ce na yi son kai a kan in zalunce ki. Daga baya kunya ta hana ni kusantar kundin, ko a shago na hango bangonsa sai in sauya layi. Ki yafe min, da ƙaryar makon jiya ma.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauki kaset ɗin na tafi wajen mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, don rakodata ta daɗe da mutuwa. Ya zaƙulo wata daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, ya goge kanta da auduga. Ni na juya kaset ɗin da hannuna. Muka wuce waƙa huɗu, muka zo taki.

Yanzu sai in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba sai Antinki. Ba gajiya ce ta sa na ajiye alƙalami ba. Kunnena ne. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama yana jin ƙasa-ƙasa, muryar maza, ƙarar mota, rufe ƙofa, amma duk abin da ya yi sama ya ɓace min. Likita ya ce ladan shekara talatin ne na toshe kunne da na'urar sauraro. Abin da suka ba ni in saƙala yana taimaka min da magana, amma waƙa in ta bi ta cikinsa sai ta koma kamar ana kankare tukunya.

Na ji jitar. Na ji kin ja numfashi. Na ji layi biyun farko, inda kika ce ƙofar baya ba ta buɗuwa sai daga waje, har na yi dariya don na tuna. Daga nan kika hau sama, kika bar ni. Jita tana tafiya, ke babu. Na manna kunnena a jikin lasifika, na sa ya ƙure ƙara. Allurar rakodar tana ta harbawa, alamar akwai murya, ni kuwa ba na jin komai. Mai gyara ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsaya cak, wata mata da ta kawo fitila gyara ta fasa tafiya. Sai da na tambaye shi, "Har yanzu tana yi?" Ya gyaɗa kai, bai ko dube ni ba. Da ta ƙare ya ce, "Wace ce wannan?" Na ce ƙanwata ce. Na fito na zauna a kan benci na yi kuka, mutane suna wucewa.

Kin ga ke nan huɗun da na yi niyya ma, ba tare da na ji ba zan bayar. Laifin farko zan maimaita, sai dai wannan karon da fara'a.

Lokacin da nake da kunne ban saurara ba, yanzu da nake so babu. Abin da kika roƙa ba ni da shi, Auta. Gobe zan rubuta wa edita ya nemi wani, in kuma faɗa masa dalili, na da da na yanzu. In ya ga dama ya buga. Kaset ɗin yana nan, in kina so in dawo miki da shi.

Ki gaida maigidan da yara. Allah ya bar zumunci, in akwai sauran abin da na bari.

Yayanki


Alhamis, 21 ga wata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Shekara huɗu kana fama da kunne ba ka faɗa min ba? Wannan faɗan daban ne, yana nan yana jiranka.

In ba ka aika wa edita ba, kada ka aika. In ka aika, ka bi shi ka ce ya ba ka mako ɗaya.

Jiya bayan an tashi yara na rufe ƙofar aji na gwada waƙar. Rabona da ita tun a wancan ɗaki mai kwalayen ƙwai. Saman nan da ya ɓace maka, ni ma ba ni da shi. Shekara ashirin ina "ku zauna, ku yi shiru," yaran mutane sun cinye min shi tas. Sai da na sauke ta ƙasa sosai kafin ta zauna, muryar ta fito kamar ta Mama in ta tashi da mura. Mai shara da ke wucewa ya ɗauka namiji ne a ajin.

Ka zo gidana ranar Asabar da yamma. Akwai kujera kusa da taga, zan zauna ta damanka, dab da kunnen. Babu jita, ƙaramin ɗana ya tsinke wayoyinta tun bara. Inda ba ka ji ba ka ɗaga hannu in sake.

Ka taho da biro. In biyu ce, ka rubuta biyu. Amma ba za ka tashi ba sai na kai ƙarshe.

Ƙanwarka,
Auta